Baƙi Daga Ruwanda: Labarin Wasan Kurket Na Mata

Wata rana da hunturu na tafi duba wata makarantar firamare a Arkilla, nan cikin Sakkwato. Da aka kaɗa ƙararrawar tara, yara suka fito. Maza suka ɗauki ƙwallo suka mamaye filin duka, mata kuwa suka koma gindin dogon yaro suna carafke. Na matsa kusa da su, na tambaye su ko sun san akwai 'yan mata da ke wasa da sunan Nijeriya. Suka ce sun ji labarin masu ƙwallon ƙafa. Na ce akwai waɗansu kuma, masu wani wasa da ake kira kurket, har sukan shiga jirgin sama su tafi wata ƙasa, su yi wasa biyar su komo.

Sai wata 'yar aji shida ta ce, "Malam, don me za su yi wannan doguwar tafiya saboda wasa? Ba su da fili a gida ne?"

Ban sami ba ta amsa sosai ba ran nan, don an kaɗa ƙararrawar komawa aji. To, ga amsar na rubuto, dominta da ku duka. Amma kafin mu kai ga tafiyar, sai mun san wasan tukuna.

YADDA AKE WASAN KURKET

A ƙasar Ingila aka fara kurket, shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Ƙungiya biyu ke yin sa, kowace da mutum goma sha ɗaya, kamar ƙwallon ƙafa. Iyakar kamarsu ke nan.

Filin kurket kewayayye ne, ko kuwa mai siffar ƙwai, akan zagaye shi da igiya. A tsakiyarsa akwai wani ɗan tsiri da aka daɓe sumul kamar daɓen ɗaki, tsawonsa yadi 22, watau mita 20 da ɗan kai. A kowane ƙarshe na daɓen nan akan kafa turaka uku na itace a jere, tsayinsu inci 28. Bisa kawunansu a ɗora waɗansu 'yan itatuwa biyu ƙanana, waɗanda da an bugi turakan sai su faɗo. Masu wasan suna ce wa turakan nan wiket.

Sauran kayan wasan su ne sanda da ƙwallo. Sandar tana da faɗi a ƙasa, da mariƙi a sama, kamar a ce an ɗauki allon karatu an rage masa faɗi an ƙara masa tsawo. Faɗinta ba ya wuce inci huɗu da kwata. Ƙwallon kuwa ƙarami ne, kamar lemon zaƙi, amma da tauri ƙwarai. Cikinsa ɓawon wani itace ne marar nauyi da aka naɗe da zare, aka rufe da fata, aka ɗinke. Kowane badukun Sakkwato ya gan shi zai ce ɗinkin gwani ne. Na mata ya ɗan fi na maza ƙanƙanta, nauyinsa tsakanin giram 140 da 151. Saboda taurin nan nasa masu bugu ke sa hular kwano, da safar hannu mai kauri, su kuma ɗaura wani abu kamar matashi a ƙwauri.

Kafin a fara, shugabannin ƙungiyoyin biyu su fito tsakiyar fili, a jefa kwabo sama. Wadda ta ci canke ita ke zaɓe, ko mutanenta su fara bugu, ko su fara jifa.

Ƙungiyar da ke jifa dukanta take shigowa fili. Ɗaya ce mai jifa, ɗaya ta tsuguna bayan turaka, sauran tara su bazu suna jiran ƙwallo. Ƙungiyar da ke bugu kuwa mutum biyu kaɗai take aikowa, ɗaya a wannan ƙarshen daɓe, ɗaya a wancan. Sauran su zauna inuwa har a zo kansu.

Mai jifa ta sheƙo a guje, ta kewayo da hannunta ta bisa kai a miƙe, ta saki ƙwallo. Ba irin jifan da kuke yi wa mangwaro ba ne. Yawanci ƙwallon kan daki ƙasa sau ɗaya, sa'an nan ya tashi ya nufi turaka. Mai bugu ta tare shi da sanda, ta doke shi wajen da babu mai tsaro. In ya yi nisa, sai ita da abokiyarta su ruga, kowace ta koma wurin 'yar'uwarta. Wannan musanyar wuri ita ake kira gudu ɗaya, watau maki ɗaya ke nan. In da hali su sake, ya zama biyu, ko uku. In ƙwallo ya gangara har ya taɓa igiya, sun sami huɗu ko da ba su motsa ba. In kuwa ya tsallake igiyar ta sama bai taɓa ƙasa ba, shida.

To, yaya ake fitar da mai bugu? Hanyoyin da yawa, amma ga manyansu. Na fari, jifa ya wuce sandarta ya kayar da turaka. Na biyu, ta doki ƙwallo sama, wata ta cafe shi kafin ya taɓa ƙasa. Na uku, tana cikin gudu ba ta kai gida ba, a jefi turaka a kayar. Na huɗu, ta tare da ƙafarta ƙwallon da zai bugi turaka. Alƙalai biyu ke tsaye cikin fili suna lura. In alƙali ya ɗaga ɗan yatsa sama, to, ta fita, ba ta kuwa sake bugu a wannan wasa. Wata ta shigo ta maye gurbinta. In aka fitar da goma, ta goma sha ɗayan ba ta da abokiyar gudu, bugunsu ya ƙare ke nan. Sai a juya, masu jifa su koma bugu. Ƙungiyar da ta fi tara gudu ita ta ci.

ƘIDAYAR JIFA

Yanzu ku kasa kunne, don nan ne gishirin labarin. A kurket, jifa ƙirge yake shida shida. Kowane jifa shida masu wasan suna kiransa oba. Mu kuwa bari mu ce masa zubi, kamar zubin adashi. In mai jifa ta gama zubinta, sai wata ta karɓa daga ɗaya ƙarshen daɓen. Jifan da ya bauɗe nesa da mai bugu ba ya shiga ƙidaya, sai an sake shi, a kuma ba masu bugu gudu ɗaya kyauta.

A da ba a ƙayyade yawan zubi. Sai a yi ta wasa har kwanaki, ana tashi da maraice, a komo da safe. Har yanzu akwai irin wannan, ana kiransa Tes. Na maza kwana biyar ne, na mata galibi huɗu. Wani lokaci ma kwanakin su ƙare ba wanda ya ci. Amma mutum nawa ne zai bar gonarsa ko shagonsa kwana biyar yana kallon wasa? Saboda haka aka fito da dabarar yanka wa kowace ƙungiya iyakar zubinta.

Irin wannan wasa mai ƙayyadadden zubi iri biyu ne tsakanin ƙasashe. Akwai mai zubi 50, watau jifa 300 ga kowace ƙungiya, wanda ke cin yini ɗaya. Akwai kuma mai zubi 20, watau jifa 120, wanda ake gamawa cikin kamar awa uku. Wannan gajeren a Ingila aka fara shi cikin 2003. Akwai wata doka kuma mai ma'ana: ba a yarda mutum ɗaya ya yi fiye da kashi ɗaya cikin biyar na jifan ba. A wasan zubi 20, iyakar kowace mai jifa zubi 4. Kun ga ashe ƙungiya tana bukatar masu jifa aƙalla biyar. Gwana ɗaya, kome gwanintarta, ba ta isa ba.

Ku lura da halin da masu bugu ke ciki. Abu biyu ke ƙare musu lokaci guda, jifa da mutane. In mai bugu ta cika tsoro, tana tare ƙwallo kawai don kada a fitar da ita, jifa 120 zai ƙare ba su tara abin kirki ba. In kuwa ta cika garaje, tana neman shida a kowane jifa, nan da nan za a cafe ta. Sai ta zama kamar matafiyi da goran ruwa guda a rana ta bazara. In ya shanye tun da hantsi ya wahala, in ya hana kansa sha ya faɗi a hanya da ruwan a kafaɗa.

Don haka ɗan kurket ba ya rabuwa da lissafi. Bari mu gwada. A ce ƙungiyar farko ta tara gudu 100 cikin zubi 20. Ta biyu tana bukatar 101. Bayan zubi 10 sai ga shi tana da 41. Nawa ya rage? Saura 60 cikin zubi 10, watau 6 a kowane zubi, gudu ɗaya ke nan a kowane jifa. Duk jifan da ya wuce ba a sami kome ba, ya ƙara wa na bayansa nauyi. In ƙungiya ta biyu ta tsaya a 95, sai a ce ta farko ta ci da gudu 5. In kuwa ta kai 101 alhali mutum 7 kaɗai aka fitar mata, sai a ce ta ci da wiket 3, don saura mutum uku da ba a fitar ba cikin goma.

MATA DA KURKET

Kada ku zaci jiya mata suka fara wannan wasa. Tun cikin 1745 aka rubuta labarin wasan kurket tsakanin matan ƙauyuka biyu a Ingila. A ƙarshen 1934 matan Ingila suka shiga jirgin ruwa, suka yi makonni bisa teku, suka tafi Ostareliya. A garin Birisben aka yi wasan Tes na farko tsakanin matan ƙasashe biyu. Gasar Kofin Duniya ta kurket ma mata suka riga maza. An yi tasu a Ingila cikin 1973, matan Ingila suka ci, ta maza kuwa sai 1975. Haka nan wasan zubi 20 na farko tsakanin ƙasa da ƙasa, mata ne suka yi shi, Ingila da Niyu Zilan, cikin watan Agusta 2004.

A ƙasarmu Turawan Ingila suka kawo kurket. Tun 1904 mazan Ikko, watau Legas, suka kara da na Gwalkwas, ƙasar da ake kira Gana yanzu. Nan Arewa ma an yi shi a manyan makarantu, kamar Kwalejin Katsina, inda Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya yi karatu. Amma shekaru da yawa wasan na maza ne, kafin 'yan mata su sami shiga.

Akwai wata hukuma da ke kula da kurket a duniya duka, ofishinta yana Dubai. A da, wasannin matan manyan ƙasashen kurket kaɗai take sawa cikin babban littafinta, irin su Ingila da Ostareliya da Indiya. Cikin 2018 ta yanke shawara cewa daga ran 1 ga Yuli na shekaran nan, duk wasan zubi 20 da matan ƙasashe biyu na cikinta suka yi, za a ƙidaya shi cikakken wasan ƙasa da ƙasa. Da wannan ƙofa ta buɗe, sai ƙananan ƙasashe suka shiga neman abokan karawa. Nijeriya ta sami tata abokiyar, ita ce Ruwanda.

BAƘI SUN ISO ABUJA

Ku ɗauko taswirar Afirka. Ku sa yatsa bisa Abuja, ku ja shi kudu maso gabas, ku ƙetare Kamaru da Kwango, tafiyar fiye da kilomita 2,500. Can za ku ga wata 'yar ƙasa tsakanin Yuganda da Tanzaniya da Burundi da Kwango. Ita ce Ruwanda, babban birninta Kigali. Girmanta kusan ɗaya ne da na Jiharmu ta Sakkwato, amma ita tuddai ce bisa tuddai, kore shar, ba kamar shimfiɗaɗɗiyar ƙasarmu ba.

Ba Ingilishi suka mallaki Ruwanda ba, Jamusawa ne, bayansu kuma Turawan Beljiyam, su kuwa ba su damu da kurket ba. To, ina ta samo shi? Cikin 1994 aka yi mummunan kisan ƙare dangi a ƙasar, mutane dubu ɗaruruwa suka hallaka cikin kamar kwana ɗari. Da ƙura ta lafa, 'yan ƙasar da suka girma a gudun hijira a Yuganda da Kenya suka komo gida, waɗansunsu da wannan wasa a hannu. Suka koya wa yara, maza da mata.

Cikin watan Janairu 2019 'yan matan Ruwanda suka sauka Abuja. An shirya wasa biyar, kowane mai zubi 20, a babban filin wasa na ƙasa, wanda daga baya cikin shekaran nan aka sa wa sunan Moshood Abiola. An yi na farko ran 26 ga wata. Shi ne wasa na farko da aka rubuta wa matan Nijeriya cikin babban littafin nan na duniya, haka kuma matan Ruwanda. Kafin mako ya kewayo an gama duka biyar. Nijeriya ta ci uku, Ruwanda ta ci biyu.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Cikin watan Satumba na wannan shekara sai matan Nijeriya suka rama ziyara. An yi wasannin a filin Gahanga, kusa da Kigali, wanda aka buɗe cikin 2017. Rumfar filin nan abin kallo ce. Rufinta tulluwa uku ne, babba da matsakaici da ƙarami, an gina su da 'yan tubala na ƙasar wurin, sun yi kama da tsalle-tsallen ƙwallo, sun kuma yi kama da tuddan ƙasar. Nan ma wasa biyar aka yi. Wannan karon Ruwanda ta ci uku, Nijeriya biyu. In kun haɗa, wasa goma ke nan, kowace ƙasa ta ci biyar.

AMSAR TAMBAYAR

Yanzu mu koma ga tambayar yarinyar nan. Suna da fili a gida mana. Abin da ba su da shi a gida shi ne baƙo.

Ku duba ajinku. Wadda ta fi kowa gudu a ajinku ta san duk wanda za ta tsere wa, kullum su ne dai. Ba za ta san iyakar gudunta ba sai ranar da aka kai ta filin Giginya ta tsaya layi ɗaya da 'yan wata makaranta. Haka 'yan kurket. In kullum da juna suke wasa, mai bugu ta haddace jifan kowa, mai jifa ta san inda kowa ke da rauni. Baƙuwa kuwa da nata salon take zuwa. Wata jifanta da sauri kamar kibiya. Wata a hankali take jefowa, amma ta murza ƙwallon da yatsu, in ya daki ƙasa sai ya sake hanya. Sai wadda ta gamu da irin waɗannan take koyon maganinsu.

Ita kanta ƙasar tana koyar da baƙo. Kun tuna ƙwallo kan daki daɓe kafin ya iso wurin mai bugu. To, daɓen kowane fili da halinsa. Wani busasshe ne mai tauri, wani mai laushi, wani da ciyawa. A wani ƙwallo ya tashi har ƙirji, a wani ya bi ƙasa. Iska ma ta bambanta. Watan Janairu a Abuja rani ne, da hazo da zafin rana. Kigali kuwa tana bisa tudu, kamar mita 1,500 sama da teku, da sanyi-sanyi. Masu gida sun saba da nasu, baƙo kuwa sai ya koya cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa a kurket ake girmama ƙungiyar da ta ci wasa a gidan wani.

Don me ake wasa biyar, ba ɗaya ba? Domin wasa ɗaya yana iya zama sa'a. Cikin biyar kuwa, wadda aka ka da yau tana da gobe. Ta kwana tana tunanin kuskurenta, mai koyar da su ya nuna mata gyara, ta komo fili ta gwada. Biyar kuma ba ta rabuwa biyu daidai, saboda haka in ba ruwan sama ya ɓata wani ba, galibi akan sami wadda ta rinjaya.

Nan ne kuma za ku ga amfanin ƙayyade zubi. Tafiya da mutum goma sha wani abu tana cin kuɗi: ga kuɗin jirgi, ga masauki, ga abinci. Da wasan kwana huɗu ne, wasa biyar sai ya ci wata guda, ƙasashen da kurket bai yi ƙarfi ba kuwa ba su da halin wannan. Yawancin 'yan wasan ma 'yan makaranta ne ko masu sana'a, ba su iya barin gida wata guda. Amma wasan awa uku, ana iya yin biyu a yini, a gama ziyara cikin mako. Gajarta wasan ita ta sauƙaƙa ziyarar.

Akwai ladabi kuma a ciki. Masu gida su tarbi baƙi, su ba su wurin gwaji, a daga tutocin ƙasashen biyu. Cikin fili ba sani ba sabo, kowa na neman ka da ɗan'uwansa. Da an jefa ƙwallo na ƙarshe kuwa, sai a yi layi a gaisa. Hukuncin alƙali ba a gardama da shi, ko da mutum yana ganin an zalunce shi.

ABIN DA ZIYARA TA HAIFA

Zumuncin nan bai yanke ba. Tun 2014 mutanen Ruwanda ke shirya wata gasar kurket ta mata da suke kira Kwibuka, watau tunawa da harshensu, don tuna waɗanda suka rasu cikin 1994. Matan Nijeriya sun halarce ta cikin 2021, sun kuma yi ta komawa bayan nan. Su ma matan Ruwanda sun zo Legas, filin Tafawa Ɓalewa, wata gasa da Nijeriya ta gayyaci ƙasashe. Cikin 2022 ƙasashen nan biyu suka gamu a wasan ƙarshe, Ruwanda ta ɗauki kofi. Cikin 2023 suka sake gamuwa, Nijeriya ta ɗauka.

Da haka kowace ta wasa 'yar'uwarta, kamar wuƙa da dutse. Cikin Janairu 2023 'yan matan Ruwanda 'yan ƙasa da shekara 19 suka je Kofin Duniya a Afirka ta Kudu. Wata daga cikinsu, Henriette Ishimwe, ta fitar da 'yan Zimbabuwe huɗu da jifa huɗu a jere, abin da ba a cika gani ba. Cikin Maris 2024, a Wasannin Afirka da aka yi a Akara, babban birnin Gana, matan Nijeriya suka zo na uku, suka komo da lambar tagulla.

Sa'an nan cikin Janairu 2025 ƙannensu 'yan ƙasa da shekara 19 suka tafi Kofin Duniya a Malesiya, karo na farko ga 'yan matan Nijeriya. Shugabarsu sunanta Lucky Piety. Ran 20 ga wata, a garin Kucin, suka gamu da Niyu Zilan, ƙasar da matanta ke wasan ƙasa da ƙasa tun 1935. Saboda ruwan sama aka rage wasan ya koma zubi 13, watau jifa 78. Nijeriya ta fara bugu ta tara gudu 65. Niyu Zilan ta biyo, jifanta ya ƙare tana da 63. Nijeriya ta ci da gudu 2.

Ku yi tunanin gudu biyun nan. Da wata mai tsaro ta yi sakaci sau ɗaya, ƙwallo ya wuce ta ya taɓa igiya, da labarin ya juya. Da mai bugu ta yi ƙyuyar rugawa sau biyu, da an yi kunnen doki. Bayan nan suka ci Ailan da gudu 6. An kuwa ci su su ma, Afirka ta Kudu da Ingila sun fi ƙarfinsu, Indiya ce ta ɗauki kofin. Amma sun komo gida da sanin inda suka tsaya cikin duniya, sanin da ba a samun sa a filin gida.

A FILINMU

Wataƙila wata za ta ce, wannan ai na 'yan Legas da Abuja ne. A'a. Kurket wasa ne da ba a kokawa, ba a ture juna. Da dogon wando da riga ake yin sa. Ƙasashen Pakistan da Bangaladash suna da ƙungiyoyin mata. Akwai ma wata 'yar wasan Sikotilan, Abtaha Maqsood, da ke jifa sanye da hijabinta.

Farawa kuwa ba ya bukatar kuɗi da yawa. Ku nemi izinin malaminku da na iyayenku. Ku sami karan dawa shida masu ƙarfi, ku kafa uku nan, uku can. Yara ba sai sun kai yadi 22 ba, taki goma sha biyar ya isa. Kafinta ya fafe muku ɗan katako mai mariƙi. Ku yi amfani da ƙwallon roba mai laushi, kada ku taɓa mai taurin nan ba tare da kayan kariya ba. Ku shata iyaka da toka. Ku rabu shida shida, kowane ɓangare zubi biyar, za ku gama kafin a kaɗa ƙararrawa. Ɗaya ta zauna da littafi da fensir tana rubuta kowane jifa da kowane gudu, domin ita ma cikin wasan take. Ku kuwa maza, filin makaranta na kowa ne, sai ku riƙa ba su rabinsa.

In kun iya, ku roƙi shugaban makarantarku ya rubuta wa wata makaranta takarda, a Gwiwa ko Mabera ko Runjin Sambo, su zo Arkilla ku yi wasa uku. Ku share fili, ku tanadi randar ruwan sanyi a inuwa. Bayan wata guda ku ma ku je nasu.

TAMBAYOYI

1. Mutum nawa ke cikin ƙungiyar kurket? Nawa ke shiga fili bugu lokaci ɗaya?
2. Faɗi hanya uku da ake fitar da mai bugu.
3. Jifa nawa ne cikin zubi 20? Nawa ne cikin zubi 50?
4. Wata ƙungiya tana bukatar gudu 48 cikin zubi 8. Gudu nawa take bukata a kowane zubi?
5. A wace shekara matan Ruwanda suka fara ziyartar Abuja? Wace ƙasa ta rinjaya, da wasa nawa?
6. Nemo Ruwanda a taswira, ka rubuta sunayen ƙasashe huɗu da suka kewaye ta.
7. Faɗi abu biyu da ƙungiya ke koya in ta je wasa a ƙasar wani.